Shaida Ta Uku

Shafi na 19

Masu turo saƙo cewa in tausaya wa Mai Bulo saboda yana da iyali, na gani. Ku karanta.

*

A bayan kotu akwai wani fili da aka kewaye da kwano, inda ake ajiye kayan shaidar da ba za su shiga ɗaki ba. Babura ne da suka yi tsatsa, da wani janareta, da mota da wuta ta cinye rabinta. A tsakaninsu aka ɗaure Tawada, baƙar goɗiya, da kwali a wuyanta an rubuta: Shaida Ta Uku.

Likita, mai aikin dabbobi, ta ja igiyar bargon da ta rufe ta da shi, ta ƙara ɗaurewa a ƙarƙashin ciki. Da tsohon labule ta ɗinka shi.

Sajan mai tsaron filin ya matso da kofin shayinsa.

"Likita, cikin wannan zafin dabba da bargo? Ko zazzaɓi shaidar tawa take yi?"

"Ƙuda."

"Wata biyu ke nan kina ce min ƙuda."

"Wata biyu ke nan ba su ƙare ba."

Ya yi dariya. "Shekara ashirin ina tsaron kayan shaida, ban taɓa samun wadda take ci take kashi ba sai wannan. Allah Ya sa yau a raba ni da ita."

"Ka san inda za ta in aka raba ku?"

Sajan ya dubi cikin kofinsa. Ya sani. Kowa ya sani. A bakin ƙofar kotu Mai Bulo ya faɗa, a gaban jama'a, cewa ranar da aka miƙa masa igiyar, ranar mai sayen fata zai ɗauke ta. Kuma yau ne zaman ƙarshe.

Wata huɗu da suka wuce aka kira Likita gidan bulon mijin yayarta, wato Mai Bulo, ta duba wani jaki. Ta tarar da Tawada kwance a gangaren da ake hawa da kaya, har lokacin tana ɗaure da amalanke, bayanta ya zama ɗanyen nama. Goɗiyar mahaifinsu ce. Da ita ya yi dako har ya rasu, sannan ta koma gidan Yaya, takardarta ta koma sunan mijin. Likita ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yanke igiya, ta kira mota, ta tafi da ita.

Kafin la'asar 'yan sanda sun iso asibitinta da zargin sata. Ƙarar da ita ta shigar ta zaluntar dabba kuwa, sai da ta yi mako tara kafin a kai masa sammaci.

Kuma ta yi kuskure irin na masu aikinta. Hannu ya riga tunani. Ta wanke ciwon, ta aske gashin, ta ɗinke inda zai ɗinku, ta shafe shi da magani, sannan ta tuna da hoto. Hoton bai nuna komai ba sai shuɗin magani da bandeji. Lauyan Mai Bulo ya ɗaga shi a kotu ya ce wayar shinge ce ta yage dabbar. Ita da kanta ta wanke hujjarta da ruwan gishiri.

"Kin kwana nan ne?"

Barista ne, dattijon lauyanta, da baƙar rigarsa a rataye a hannu. Ya jira har Sajan ya koma rumfarsa.

"Nuna min. Ina so in sake gani kafin in shiga."

Ta ɗaga gefen bargon kamar faɗin tafi.

Ciwon ya warke tas. Amma baƙar dabba ba ta mantuwa. Duk inda ƙarfe mai zafi ya zauna, gashin da ya sake tsirowa fari ne sol. Zobe, zobe, zobe, a jere, daga kafaɗa har gindin wutsiya. Sawun sarƙa, layi biyar. A kowane layi akwai wuri guda da zoben ya katse, aka ga wani tabo mai kusurwa shida.

Ta saki bargon.

"Tun wata biyu nake ce miki mu kai wannan gaban alƙali," in ji Barista.

"Da mun kai, me zai yi?"

"Ya amsa laifi."

"Sai me?"

"Tara."

"Tarar da ba ta kai kuɗin takalminsa ba. Ya biya a tsaye, ya ce ya tuba, a miƙa masa igiya. Kai ka karanta min. Dabba dukiya ce. Wanda ya ƙona kujerarsa ba a ƙwace masa ita."

"Haka aka rubuta."

"In kuma ya rantse ya yi ƙarya?"

Barista ya ja numfashi. "Shekara bakwai. Kuma babu alƙalin da zai miƙa masa igiya bayan haka."

"To. Doka ba ta jin zafin bayan Tawada, Barista. Amma tana jin zafin a yi mata ƙarya a fuska. Bari ya yi mata."

"Za su ce mun ɓoye."

"Me muka ɓoye? Shaida tana hannun kotu. Wanda ya so ya zo ya ɗaga bargo. Lauyansa ne bai son kashin doki ya taɓa masa takalmi."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau.

"Wai ke, goɗiyar kike so ki ceta, ko shi kike so ki binne?"

"Duka biyun. Da shebur ɗaya."

*

A bakin ƙofar kotu mutanenta sun taru. Ba su da yawa. Ɗaliban makarantar aikin dabbobi ne, da wata tsohuwa mai ciyar da kyanwoyin kasuwa, da masu dako biyu da suka san mahaifinta. Sun ɗaga kwalaye. Ɗaya an rubuta: ITA MA RAI GARE TA.

Motar 'yan sanda ta tsaya. Taro ba izini. Aka kwashi huɗu, har da tsohuwar, wadda ta riƙa tambaya wa zai ba kyanwoyinta abinci.

Likita ta dubi agogonta. Minti goma, har an kwashe su. Shi kuwa sammacinsa mako tara.

"Ƙanwata! Likitar jakai!"

Mai Bulo ne ya fito daga motarsa yana gyara babban agogonsa. A bayansa, abin da Likita ba ta zata ba, Yaya. Tunda aka fara shari'ar bai taɓa barinta ta zo ba. Ta rame. Doguwar riga ce a jikinta mai hannu har wuyan hannu, da jaka a kafaɗa da ta karkatar da ita gefe guda.

"Kin ga mutanenki? An ba su mota kyauta."

"Ina kwana, Yaya."

Yaya ta dubi ƙasa.

"Ni ba a gaishe ni? Ba komai. Yaro dai yaro ne ko ya tsallake teku." Ya matso, ya sassauta murya. "Ji nan. Don darajar wannan da ke tsaye nake miki magana. Janye taki in janye tawa. Ki koma asibitinki da lasisinki, ki ci gaba da yi wa karnukan masu kuɗi wanka. Ni in karɓi kayana."

"Kayanka."

"Da takarda. Kin ga shuɗiyar motar can? Mai fata ne, tun da safe yake jira. Na ce masa ya bar miki wutsiyar, ki rataya a ofis."

Likita ta dube shi daga sama har ƙasa, irin duban da take yi wa dabbar da za a yi wa aiki.

"Ka karya kumallo sosai?"

"Me ya kawo wannan?"

"Tambayar likita ce."

Ta wuce ciki.

*

Alƙalin dattijo ne mai ƙarancin magana, mai ƙin a maimaita masa abu. Fankar da ke kansa tana juyawa tana kuka. Aka kira Mai Bulo, ya hau akwatin shaida, ya ɗora hannu, ya rantse zai faɗi gaskiya.

Likita ta ji rantsuwar kamar wadda aka ba ruwan sanyi.

Barista ya miƙe a hankali, yana lalube cikin takardu kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi.

"Ranka ya daɗe, ni tsoho ne, a yi min haƙuri. Malam, ranar nan, me ya sami goɗiyar?"

"Na faɗa sau goma. Ta firgita ta afka cikin wayar shinge."

"Gaya maka aka yi?"

"Da idona na gani."

"Da idonka."

"Biyun nan."

"Ba ka buge ta ba?"

"Ni? Ko ƙuda ba na kashewa."

Aka yi dariya a baya. Alƙali ya ɗaga kai, dariyar ta mutu.

"Akwai sarƙa a wurin aikinka?"

"'Yan sanda sun bincika. Ka tambaye su."

"Kai nake tambaya."

"Babu. Da igiya muke aiki."

"Ba ka taɓa sa sarƙa a wutar gasa bulo ba, har ta yi ja, ka ɗora wa dabba?"

Lauyan Mai Bulo ya zabura. Mai Bulo ya ɗaga masa hannu, yana murmushi.

"Bar shi. Ban taɓa ba. In na taɓa, kada in ga gobe."

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a rubuta amsar yadda ya faɗe ta."

"An rubuta," in ji Alƙali.

Barista ya zauna. Bai dubi Likita ba. A ƙarƙashin tebur ta matse hannunta har farce ya shiga fata. Shi ke nan. Mai Bulo ya shiga da ƙafarsa, ya ja ƙofa ya rufe.

Sai lauyan Mai Bulo ya miƙe yana gyara riga.

"Ya mai shari'a, muna da shaida guda da ba mu kira ba. Matar wanda nake karewa. Kuma yayar wadda ake tuhuma da sata, uwa ɗaya uba ɗaya. Idan akwai wanda ba zai yi wa wannan baiwar Allah ƙage ba, to ita ce."

Likita ta juya.

Yaya ta tashi da jakarta. Ta hau akwatin. Ta ɗora hannu.

"Barista, hana ta," Likita ta ce a ƙasan maƙoshi.

"Da wane dalili?"

"Ko wane."

"Babu."

Yaya ta rantse. Muryarta ba ta yi rawa ba.

"Kina wurin ranar?"

"Ina wurin. Na kai masa abinci."

"Me kika gani?"

Ta dubi mijinta. Yana zaune ya harɗe hannu, ya zuba mata ido.

"Waya ce. Ta afka cikin waya."

"Kin ga sarƙa?"

"Ban gani ba."

"An rubuta," in ji Alƙali. Ya rufe fayil. "Lauyan mai ƙarar zaluntar dabba ya roƙi kotu ta duba Shaida Ta Uku da idonta. Bayan minti ashirin, a fili. Wanda ya makara ya same mu a hukunci."

*

A ƙarshen barandar akwai famfo da mata ke wanke hannu. Nan Likita ta tarar da ita, ta buɗe ruwa tana kallonsa yana zuba.

"Yaya."

"Auta."

"Koma ciki. Ki ce wa alƙali kin ruɗe. Ki ce ba ki ga komai ba. Yanzu, kafin a fita fili."

"Don me?"

"Don na ce."

"Oh. Likita ta ce." Yaya ta rufe famfon. "Me ke ƙarƙashin bargon?"

Likita ta kau da kai.

"Tun kina goye na san fuskarki in kin ɓoye abu. Me ke ƙasa?"

"Abin da zai kai duk wanda ya ce waya ce kurkuku. Shekara bakwai."

Yaya ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin albasa.

"Goɗiyar Baba ce, Yaya. A kanta aka kai ki makaranta. Ranar da kika karye, ita ta ja ki asibiti. Kin tsaya kin ɗora hannu kin ce waya?"

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Kina wurin. Kin ga yana ƙona ta kin tsaya da kwanon abinci?"

"Ban tsaya da kwano ba. Na ajiye shi." Ta dubi ƙanwarta ido cikin ido. "Ni na riƙe masa linzamin."

Likita ta ja baya.

"Ƙarya kike."

"Yau na yi ƙarya sau ɗaya. Ta ishe ni. Ta faɗi da kaya a gangare, bulo ya farfashe, ga mai saye a tsaye. Ya sa sarƙa a wuta. Ya ce in riƙe kanta kada ta juya. Na riƙe. Sau biyar. Tana kallona."

"Allah Ya isa."

"Ya isar. Ki faɗa da ƙarfi."

"Me ya sa?"

"Don sarƙar ta riga ta yi ja, Auta. In ta yi ja, sai ta sauka a kan wani."

Ruwa yana ɗiga daga bakin famfon. Wani magatakarda ya wuce da tulin fayil, bai dube su ba.

"Ban gane ba," in ji Likita. Ta gane.

"Ba za ki gane ba. Ke kin tafi karatu shekara shida, kin dawo kina gane ciwon dabba daga yadda take taka ƙasa. Kin shigo gidana sau nawa? Kin ci abincina. Kin ce Yaya wannan zafin kina doguwar riga, muka yi dariya. Kin taɓa cewa in naɗe hannu ki gani?"

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Ita Tawada faɗa miki ta yi?"

Yaya ba ta jira amsa ba.

"Rana ɗaya kika ga bayanta kika yanke igiya. Kika kira mota. Kika yarda a ce miki ɓarauniya. Mutane sun zo da kwalaye saboda ita, har an kama su. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan. Tawa igiyar fa?"

"Yaya, ki koma ki janye. Na roƙe ki."

"In janye yana zaune yana kallona? In koma gida tare da shi?" Ta gyara jakar a kafaɗarta, abin da ke ciki ya ja ta ƙasa. "Ki yi abin da kika zo yi. Ko ki bar bargon, a ba shi dokinsa, in koma in dafa masa na rana. Zaɓi ya rage naki. Ke ce mai ilimi."

Ta wuce ta bar ta.

*

Rana ta take. Aka riƙe wa Alƙali lema. Lauyan Mai Bulo yana taka ƙasa da kan yatsu. Sajan ya ƙame a bakin ƙofar kwanon, ya ɓoye kofinsa a bayan janareta. Ta ƙofar ana hango shuɗiyar motar mai fata, ya matso da ita har ya sauke murfin baya.

Tawada ta ga Mai Bulo. Ta ja baya har igiya ta miƙe, duk jikinta yana ɓari.

"Kun gani? Ta san ubangidanta," in ji shi.

"A cire bargon," in ji Alƙali.

Likita ta tsuguna ta kama ƙullin. Barista ya sunkuya kamar mai gyara takalmi.

"Ki sani, in ya buɗu, su biyu ne. Ba zan iya raba rantsuwarta da tasa ba."

"Na sani."

"In kika ce a bari, zan ce mun janye roƙon."

"Sai a ba shi ita."

"Sai a ba shi ita."

Ta ɗaga kai. Yaya tana tsaye a bayan mijinta, taku ɗaya, inda ya ajiye ta. Fuskarta ba ta ce komai ba. Likita ta tuna hannun nan yana yi mata kitso. Ta tuna shi riƙe da linzami. Sau biyar.

In ta bar bargon, Tawada ta shiga shuɗiyar mota, Yaya ta shiga tasa. Babu wadda ta tsira.

"Malama, ban zo shan rana ba," in ji Alƙali.

Ta ja ƙullin. Ta fizge bargon gaba ɗaya ta jefar a kan tsatsar babura.



Fari a kan baƙi, layi biyar, kowane zobe a fili kamar an zana da alli. Sajan ya ce, "Innalillahi," ya manta a gaban wa yake. Alƙali ya fita daga ƙarƙashin lemar ya matso. Ya sa yatsa ya bi layi ɗaya daga kafaɗa, zobe bayan zobe, har ya tsaya a kan tabon mai kusurwa shida.

"Wayar shinge," ya ce, ba tare da ya juya ba.

Murmushin Mai Bulo yana nan a fuskarsa, amma ba kowa a bayansa. Likita ta zuba masa ido. Wata huɗu take jiran wannan fuskar, kuma ba ta yi niyyar kyaftawa ba.

"An aske gashin ranar da na karɓe ta, ranka ya daɗe," ta ce. "Inda fata ta ƙone, fari yake dawowa. Sai dai yana ɗaukar lokaci. Lauyansa ne ya yi ta neman a ɗage zama. Na gode masa."

Lauyan ya share gumi. Amma ba a banza ake biyansa ba.

"Ya mai shari'a, na ga sarƙa. Kowa ya ga sarƙa. Ta wa? Wata huɗu dabbar nan ba ta hannun wanda nake karewa. Mutum ɗaya ce take shigowa filin nan safe da yamma, ita ta rufe ta da bargo, ita ta san yadda ake sa gashi ya yi fari. An bincika wurin aikinsa ba a sami sarƙa ba. A nuna mana sarƙar."

Rai ya dawo fuskar Mai Bulo.

"Ƙwarai! A nuna! Ita ta ƙona ta don ta ɗaure ni. Wallahi ita ce!"

Alƙali ya juyo ya dubi Likita. Duban ya daɗe.

"Kina da amsa?"

Barista ya buɗe fayil, ya rufe. Likita ta dubi bayan Tawada. Ta lissafa komai ban da wannan. Ta jefa yayarta cikin wuta, kuma wutar ta juyo.

Sai aka ji ƙara a kan siminti, mai nauyi, ta ƙarfe.

Yaya ce ta kife jakarta.

Sarƙa ce, baƙa ƙirin da hayaƙi, tsawon hannu biyu. A tsakiyarta zobe ɗaya ya taɓa tsinkewa, aka haɗa da ƙusa da noti mai kusurwa shida.

"Ke!" Mai Bulo ya yi kanta. Sajan ya riga shi, ya sa masa ƙirji.

"Ya ce in jefa ta a rijiya," in ji Yaya. Alƙali take kallo. "Na sa ta a ƙasan buhun gawayi. Ba ya barina fita, ranka ya daɗe. Ko asibiti shi ke kai ni, ya tsaya a kaina. Da ya ce in zo in rantse masa, na ce to. Hanya ɗaya ce da zai kawo ni gabanka da ƙafarsa."

"Na haukace ne da na aure ki! Ki tuna 'ya'yanki suna hannun uwata!"

"A rubuta wannan ma," in ji Barista da sauri.

Alƙali ya ɗaga hannu, filin ya yi tsit.

"Malama, ɗazu kika rantse a gabana cewa ba ki ga sarƙa ba. Kin san abin da kika jawo wa kanki?"

"An gaya min. Shekara bakwai."

"Kuma?"

"Na yi goma sha ɗaya."

Ta sunkuya ta ɗauki sarƙar, ta miƙa wa ƙanwarta. Likita ta karɓa. Ta fi yadda ta zata nauyi.

"Ke ce likita. Ɗora ta a bayan goɗiyar, a ga ko ta zauna."

Sannan ta ɓalle maɓallin hannun rigarta na dama, ta naɗe shi a hankali har kafaɗa, ta ɗaga dantsen cikin rana.

Zobe, zobe, zobe. Da kusurwa shida.

"In kin gama da ita, Auta, ki auna nan."

Alƙali ya cire tabarau.

"Sajan," ya ce. "Rufe ƙofar nan. Kada kowa ya fita."